Tsagar Gidanmu a Zanen Bature

Zuwa ga Yaya Rashidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ba Inna Hawawu sauƙin ƙafarta. Mu nan Bronx lafiya lau, sai sanyi da aikin asibiti. 'Yarka Na'ima ta shiga jami'a, Hausarta dai har yanzu sai a hankali.

Yaya, na ga abin da ya girgiza ni. Ranar Asabar Na'ima ta ja ni gidan adana zane-zane a Manhattan, na bi ta ina mita. Muka tsaya gaban zanen wani Bature na fiye da shekara ɗari, lungun kasuwa ne a ƙasar Larabawa. Gaskiya mutumin ya iya. Ga hasken hantsi a jikin bango, ga mai ruwa da salkarsa, jaki ya tare hanya har ka ji kamar ka kauce masa. Sai idona ya faɗa kan wata baƙar mace a gefe, zaune da faifan gurasa. Tsagar Gobir ce a kumatunta. Na matsa ina ƙirgawa da yatsa har mai gadi ya ce in ja baya. A ƙarƙashin idonta na hagu kuma ga 'yar gajeriyar nan a karkace, wadda wanzaman gidanmu kaɗai ke ƙarawa, irin tawa da taka. Sai na nemi benci na zauna.

Takardar da ke gefen zanen baiwa kawai ta kira ta. Na ji haushin kaina da na yaba aikin, amma da bai zana ta tsaf haka ba, da ban gane ta ba. Wata ma'aikaciya ta ce in muna da suna da labari, mu kawo su duba.

Ka tuna Inna tana ba mu labarin ƙanwar kakarta da aka sace a bakin rijiya, ba a sake jin ɗuriyarta ba? Inna kaɗai ta rage da ta san sunanta, ga shi ta haura casa'in, mantuwa ta fara kama ta. Na turo maka hoton ta waya. Don Allah ka je Sabon Birni a makon nan, ka nuna mata da safe, lokacin da hankalinta ya fi zama wuri ɗaya.

Ka gaida Nimatu da Kawu Alhassan da yara. Ko da Inna ta ce ba ita ba ce, ka rubuto mini sunan. Ɗaruruwan mutane ke wucewa ta gaban matar nan kullum, babu wanda ya taɓa kiran ta.

Ƙanwarka,
Suweiba