Ni Na Kashe Rediyon, Umma

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan jiki yana sauƙi, amin. Yau kwana tara da Baba ya tafi da ke Legas. Na san ba kya so a ji maganar gidanmu a waje, amma Gwaggo Talatu ta riga ta kai ta har Tarauni, don haka ni ma zan faɗi tawa inda kowa zai karanta. Ba na iya magana a gaban mutane. Rubutu dai ina iyawa.

Gwaggo ta ce in kin dawo in durƙusa in ba ki haƙuri, wai ni na jawo aka sake yanka ki. Umma, zan durƙusa in gaishe ki. Haƙurin ne ba zan bayar ba.

Ina aji huɗu aka sa miki na'urar nan a ƙasan kafaɗa, mai siririyar waya da ta shiga har cikin zuciya. In zuciyarki ta rikice, sai na'urar ta fizge ta da lantarki ta dawo daidai. Ranar da aka sallame ki ina tsaye da fulas a bakin gado, likita ya ce wayar takan tsage a ciki ba a sani ba, amma na'urar tana duba ta da kanta. In ta ga matsala za ta riƙa yin ƙara kullum a lokaci ɗaya, kuma ranar da aka ji, ranar za a zo asibiti. Har ya kunna ƙarar muka ji. Ba wanda ya zaci ina saurare.

Wata Asabar kina min kitso, kaina a jikinki, ƙarfe tara ta yi, na ji ƙarar. Kamar jiniyar motar asibiti daga nesa. Hannunki ya tsaya a gashina. Sai kika ce in miƙo miki rediyo.

Daga ranar, kullum tara saura kaɗan sai ki ƙure rediyon, ki ja mayafi ki rufe ƙirji, ke da ba ki damu da labarai ba. Baba har tsokanarki yake, wai ko takarar kansila za ki fito.

Ni 'yar fari ce. Ba ki taɓa kiran sunana ba, sai "ke yarinya". Ba ma hira. Ta yaya zan buɗe baki in yi maganar ƙirjin uwata a gaban ubana? Kwana shida ina ɗauke da abin a raina. Na san tsoron tiyata kike, na ga wahalar da kika sha a ta farko.

Ranar Juma'a Baba yana shan koko kafin ya fita, tara ta yi, na tashi na kashe rediyon. Na'urar ce ta yi magana. Baba ya ajiye ludayi. Kallon da kika yi min har yanzu yana ƙona ni.

A asibiti suka ɗora wani abu a kan na'urar, kwamfuta ta nuna wayar ta fara tsagewa tana kai saƙon ƙarya. Baba ya gaya mana likita ya ce da an ƙara jinkiri, ko ta riƙa fizgarki ba dalili, ko ranar da zuciyar ta rikice ta kasa yin komai.

Gwaggo ta ce ba ni da kunya. Ina da ita. Ita ta rufe min baki kwana shida, kuma a kan kwanakin nan shida kawai nake neman gafarar Allah.

Ki yi fushi da ni, Umma, in kin so har shekara guda. Fushin mai rai ne, zan iya ɗauka. Ƙannena suna cin abinci, ina yi musu wanki, ina raka su Islamiyya. Kada ki sa su a rai.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa sabuwar wayar ta zauna daram, Ya dawo mana da ke da ƙafarki.

'Yarki ta fari,
Hauwa'u