Turke Mai Karyayyar Kafaɗa

Surabaya, watan Yuli

Zuwa ga yayana, Daeng Rapi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma 'yarka Rosmini tana ba ka magani yadda likita ya ce, ba yadda kai ka ga dama ba.

Daeng, gyara zama kafin ka karanta: na taka Lanrasa. Ɗana Basri ne ya sami hutu, ya ce zai kai mu tsibiri mu sha iska, ni da matarsa da jikata Tenri. Ya ɓoye mini sunan wurin, sai da muka bar Makassar a kwale-kwale na ji shi a bakin matuƙi. Na ce wa matuƙin, "A tsibirin nan aka haife ni." Ya dube ni ina rungume da bokiti saboda amai, ya ce, "Hajiya, da alama ba a sanar da teku ba."

Garin da kake ba ni labari babu shi. Otal ne yanzu, bukkokin baƙi a jere, ga Turawa kwance cikin rana kamar kifin da aka shanya. Na tambayi maƙabarta. Manaja ya ce ai mutanen garin sun kwashe matattunsu ranar da suka tashi. Sai na tsaya a gindin wata kwakwa na yi wa Inna fatiha, tunda ban san inda zan fuskanta ba.

Abin da ya fi jan mutane shi ne yamma. Idan ruwa ya janye, waɗansu baƙaƙen turaku sukan bayyana a cikin teku, tafiya kaɗan daga gaɓa, rana kuma ta faɗi a gefensu. Mai yi wa baƙi jagora ya ce ragowar tsohuwar gadar jiragen ruwa ce, kuma wanda bai yi hoto a wurin ba bai zo Lanrasa ba. Har layi ake bi. Tenri ta ce, "Kaka, cire takalman nan, kina tafiya kamar agwagwa!" Na cire na rataye su a jikin turke ɗaya. Igiyar ruwa ta zo ta daki gwiwata, na kai hannu na dafa kansa, ba don shi ba da na kife a gaban jama'a. A daidai nan Basri ya danna kyamara, yana cewa, "Riƙe shi da kyau, Mama, kin yi sabon miji!"

An wanke hotunan, ga wannan na sa maka a ciki. Ka ga ƙanwarka da tsufanta tana wasan ruwa. Babban kuma yana rataye a falon Basri.

Ka gaida Rosmini da yara. Allah Ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarka,
Kanang

Samarinda, watan Agusta

Zuwa ga Andi Kanang,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode da addu'a. Ƙafa tana nan yadda take, daga gado zuwa kujera.

Andi, ƙanwata, na jinkirta amsa domin ina neman hanyar da zan faɗa miki magana ba tare da ta yi miki nauyi ba. Ban samu ba. Lanrasa ba ta taɓa yin gadar jiragen ruwa ba, a kan yashi muke jan kwale-kwalenmu. Wurin da kuka tsaya maƙabarta ce. A zamaninmu tudu ne, har akwai gonar rogo tsakaninsa da ruwa. Da rijiya ta koma gishiri aka tashi, waɗansu sun kwashe nasu, da yawa kuma sun bari, mu ma a ciki, domin babu wanda ya zaci teku za ta hau tudu.

Ki ɗauko hoton ki duba. Turakun da suke zagayayyu na maza ne, masu faɗi kamar filafilin tuƙi na mata. Wanda kika dafa mai faɗi ne, kuma kafaɗarsa ta hagu a karye take. Ni na karya ta. Ranar da Inna ta rasu wajen haihuwarki, Baba ya ba ni kurfi ya ce in taya shi sassaƙa turaku biyu da icen ulin, wanda ruwan gishiri ba ya ci. Ina cikin sassaƙa, kurfi ya zame. Ko a cikin dubu zan gane shi.

Ban ɗora miki laifi ba, ba ki sani ba. Amma Inna tana kwance a inda baƙi suke tattakawa suna dariya, kuma ni ba zan iya hawa jirgi ba. Ina roƙonki abu biyu. Na farko, ki ƙone hotunan nan da fim ɗinsu, kada jikoki su tashi suna nuna takalma a kan kabarinta. Na biyu, ki koma kafin iskar yamma mai zuwa da damina ta taso, lokacin da wata ya cika, domin a lokacin ruwa ya fi janyewa. Ki tafi da liman da farin ƙyalle, a ɗauke abin da ya rage a kai shi Makassar kusa da Baba.

Ɗayan turken ba ya cikin hoton, teku ta tafi da shi. Wannan na wajen kai ne. Kin san yadda muke kwantar da mamaci: kai arewa, ƙafa kudu, fuska ga alƙibla. Saboda haka a haƙa kudu da shi.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya.

Yayanki,
Rapi

Makassar, watan Oktoba

Zuwa ga Daeng Rapi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma roƙon afuwa da na yi shiru.

Ranar da na karanta takardarka na sauke hoton falo da hannuna. Basri ya ce, "Mama, Kawu ya tsufa, ice ai ice ne." Na ce masa, "Kai ma tsoho za ka zama, idan ka yi sa'a. Kawo fim ɗin." Na ƙone su duka a bayan gida. Tenri ta leƙo ta ce, "Kaka, ni ma na hau kan ɗaya. Wuta zan shiga?" Na ce a'a, ba ta sani ba. Maganarka na ara, domin ni kaina ba ta ishe ni ba.

Mun koma Lanrasa da liman da maza uku masu shebur. Manaja ya karɓe mu da shayi da fara'a, har sai da ya ji abin da ya kawo mu. Ya ce, "Hajiya, ina girmama ki kamar uwata. Amma idan na yarda turke ɗaya kabari ne, sauran fa? Wane baƙo ne zai yi iyo a kan mutane?" Liman ya ce, "Ai suna yi, ba su dai sani ba." Manaja bai yi dariya ba. Ya nuna mana katunan hoto da ake sayarwa a ƙofa, turakun ne a kan kowanne. Bayan doguwar magana ya yarda bisa sharaɗi: mu yi aikinmu da sassafe, kada mu gaya wa baƙi komai, kuma idan muka cire turken mu kafa wani a gurbinsa don kada hoto ya yi giɓi. Shi ya ba mu guntun icen kwakwa da aka shafa wa baƙin fenti.

Mun haƙa kudu da turken kamar yadda ka ce. Daeng, haƙa a wurin nan azaba ce. Kowane shebur aka kwashe, ruwa da yashi su mayar da rabinsa. Ana cikin haka baƙi suka fito shan iskar safe, suka kewaye mu da kyamarori. Jagoransu ya gaya musu kaguwa muke nema irin ta mutanen da. Wata Baturiya ta yi mini alama in ɗaga farin ƙyallen sama, iska ta kaɗa shi. Da liman ya ɗaga hannu yana addu'a, sai na ji ƙarar kyamarori ta ko'ina. Wani har tafi ya yi.

Mun kai zurfin ƙugu. Yashi, murjani, da ɓawon kwakwa. Babu komai. Basri, wanda ya ce ice ai ice ne, shi ne na ƙarshe a cikin ramin, yana tono da hannu har yatsunsa suka yi jini. Ruwa ya dawo ya kore mu. Liman ya ce wataƙila teku ta riga mu tun da daɗewa, mu ɗauki alamar mu tafi. Sai da maza huɗu suka haɗu kafin turken ya tumɓuke. Muka kafa na fentin.

Yanzu yana nan kusa da kabarin Baba, a kan ƙasar da babu kowa a cikinta. Na wanke shi da ruwan daɗi. Na shafa kafaɗar da ka karya, ta yi santsi kamar fata.

Ka yafe mini, iyakar abin da na iya ke nan.

Ƙanwarka,
Kanang

Samarinda, watan Nuwamba

Zuwa ga Andi Kanang,

Wa alaikumus salam. Allah Ya saka miki da alheri, ke da Basri. Ki gaya masa na ji labarin yatsunsa.

Andi, teku ba ta riga ku ba. Ni na ɓatar da ku.

Tun da na karanta cewa ba ku sami komai ba, na kasa ajiye hoton. Ina kallonsa ranar Juma'a, sai muryar Baba ta dawo mini sarai, kamar yana tsaye a bakin gadona. Da ya ga kafaɗar ta karye bai yi mini faɗa ba. Ya juya icen a hannunsa ya ce, "Ba komai, Rapi. Mai kyan ya tafi wajen kai, wannan ya tsare mata ƙafa." Na ƙafa ne, Andi. Tana arewa da shi. Kun haƙa kuna ba ta baya, taki ɗaya tsakaninku. Shekarun nan duka ina tuna turken ne domin hannuna ya taɓa shi, har na ɗauka shi ne babba.

Na san iskar yamma ta soma, babu matuƙin da zai fita yanzu. Amma icen da kuka kafa yana nuna wurin. Ki sa Basri ya roƙi manajan kada a taɓa shi. Idan teku ta kwanta sai a koma, a haƙa arewa.

Numfashina yana gajarta kwanakin nan, shi ya sa rubutun ya karkace. Ki yi haƙuri da tsoho.

Yayanki,
Rapi

Surabaya, watan Janairu

Zuwa ga Daeng Rapi,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙirjin ya sake ka. Kada ka ƙara cewa ka ɓatar da mu. Ba don kai ba, da har gobe ina nuna wa baƙi hoton falo.

Basri ya sami manaja a waya. Icen kwakwar bai kai ƙarshen guguwar farko ba, ruwa ya tafi da shi, yashi kuma ya shafe ramin. Waɗansu turakun sun karkace, saboda haka manajan ya sa aka tumɓuke su duka aka jera su layi ɗaya kusa da gaɓa, wai tsofaffin baƙi ba sa son jiƙa tufafi. Ya ce yanzu ma hoton ya fi fita.

Amma akwai sauran hanya. Katunan otal daga gaɓa aka ɗauke su, ba sa nuna komai sai ruwa. Hotonmu kuwa Basri ya ɗauke shi ne yana fuskantar tsibiri. Ya ce a bayana akwai hasumiyar fitilar jirage, da kwakwar nan mai lanƙwasa, da kusurwar babbar bukka. Idan ya riƙe hoton ya yi ta matsawa cikin ruwa har ukun suka zauna yadda suke a takarda, ya tsaya a inda ya tsaya ranar, gurbin turken kuma yana gabansa.

Na ƙone nawa duka, Daeng. Naka kaɗai ya rage a duniya. Ka ba Rosmini ta aiko mini da shi cikin kwali mai ƙarfi, kada ya lanƙwashe. Da zarar teku ta kwanta zan koma.

Ƙanwarka,
Kanang

Samarinda, watan Fabrairu

Zuwa ga Gwaggo Kanang,

Assalamu alaikum, Gwaggo. Ni ce Rosmini. Na gode da kiran ta'aziyya da kika yi. Takardarki ta iso bayan mun yi sadakar bakwai, Baba bai karanta ta ba. A waya na kasa yi miki wannan bayani.

Hoton yana ƙarƙashin matashinsa. Makonni kafin rasuwarsa ya ce in ba shi almakashi. Na ce, "Baba, gashin baki za ka gyara? Wa za ka burge?" Ya ce, "Ke dai kawo, sarkin tambaya." Ashe hoton ya zauna ya gyara. Ya ce ba zai iya ƙona shi ba, ba zai kuma iya ci gaba da kallon takalman ba. Ragowar da ya yanke ni na share da hannuna na zuba a murhu, ban san amfaninsu ba.

Ga abin da ya bari na sa miki a ciki. Babu hasumiya, babu kwakwa, babu bukka. Kan turken ne kawai, da hannunki a kansa.

Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya ba ki haƙuri.

'Yarki,
Rosmini