Ƙofar da Kuka Rufe Mini a Tsohuwar Kwamfuta

Zuwa ga: Mai girma Shugaban ƙungiyar masu manhajar tsallake shingen intanet
Daga: Mahaifiyar marigayiya, mai ɗinki
Kwanan wata: 9 ga Nuwamba
Game da: Daina aikin manhajarku a tsofaffin kwamfutocin tebur

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranar 21 ga Oktoba, ina kan keken ɗinki ina yi wa wata riga kalmasa, wani direban babbar mota ya yi sallama ya shaida mini cewa 'yata ta rasu a ƙasar da ta gudu, har an binne ta. Ni da na haife ta, a bakin baƙo na ji. Ban yi karatu mai nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna. Ga kukana:

1. Kun fi ni sanin hukuma ta toshe hanyoyin magana da waje. Kafin 'yata ta tsere saboda rubuce-rubucenta, ta sa mini manhajarku a kwamfutarta ta tebur, ta nuna mini inda zan danna. Ta nan nake ganin fuskarta da ta jikokina biyu. A farkon Satumba abin ya daina buɗewa.

2. Mai gyara ya ce injin ƙalau yake, ku ne kuka janye hannu daga tsofaffi irinsa, wai kun sanar. Ashe a shafinku kuka sanar, shafin da shi ma a toshe yake, ba a shigarsa sai da manhajar. Kun kulle ɗaki kun bar mabuɗin a ciki.

3. An ce in koma waya. Waya ake bincikewa a hanya, da ita aka kama maƙwabcinmu, har yau shiru. Kwamfutar kuwa tana ƙarƙashin teburin yanka, lulluɓe da ƙyallaye, ba wanda ya taɓa ɗaga ta. Ba zan koma waya ba, ba kuma zan jefar da abin da 'yata ta haɗa mini da hannunta ba.

4. Direban ya ce mijinta ya yi ta nemana lokacin jinya. Ban ce ku kuka kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma ku kuka hana ni yi mata sannu.

Don haka, cikin girmamawa, ina neman a maido da manhajar a tsofaffin kwamfutoci, a kuma aiko ta ta hanyar da ba a toshe ba. Ba ta'aziyya nake nema ba, na samu ta ishe ni. Jikokina nake nema. Ƙaramar ba ta kai ta riƙe kamannina ba, in aka daɗe za ta manta ni.

Idan ba a amsa ba, zan sake rubutowa. Kullum da safe, kafin in sa zare a allura, sai na kunna kwamfutar na danna wurin da 'yata ta nuna mini, in jira har jan rubutun nan mai cewa ba ta buɗuwa ya fito.

Allah ya ƙara girma.

Taku cikin ladabi,
Kakar yaran