Ruwan Rijiyar Gidanmu

Assalamu alaikum, Yaya Harisu.

Ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau nake a Badun. Zazzaɓi ya ɗan kwantar da ni, amma kada Inna ta ji.

Yaya, raina ya ɓaci. Na ji har yanzu kuna shan ruwan rijiyar gida, wai ka ce surutun 'yan boko ne. Ruwan da na ɗebo daga Dutsi, likita da masanin ƙasa da injiniya suka haɗu a jami'armu suka auna, suka ce salga ke tsiyaya ciki. Shi ke sa Yazid gudawa!

Don Allah ku riƙa tafasawa kafin in dawo. Yazid ɗanka ne, amma ni na goye shi.

Allah Ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Khairunnisa