A Hura Murhuna Ranar da Aka Fita da Ni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Hanatu 'yar Waliyyullahi, ta unguwar Mardjandafak, nake rubuta wannan da hannuna zuwa ga 'ya'yana, Sharfaddeen da Sadiyya da Zakiru. Hankalina ɗaya, ba zazzaɓi, ba wanda ya tsaya a kaina. Ranar Litinin za a shiga da ni tiyata a cire abin da ya tsiro mini a ciki. Likita ya ce yana sa ran alheri, amma da yake faɗa takardarsa yake duba, bai dube ni ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ina tsoron wuƙa, ina tsoron kabari. Sai dai wanda ya fi kaɗa mini hanta shi ne tsoron abin da za a ba babanku ya ci idan ba na nan.

Na ɗaya. Abin da na bari na gado, malamai su raba yadda Allah ya ce, ba ni da ta cewa. Kayan girki kuwa na riga na kyautar tun ina raye, maƙwabta shaida ne. Turmi da babbar tukunya da injin markaɗe na Sadiyya ne, amma ina roƙonki kada ki kwashe su zuwa gidanki a Ambassatna muddin Malam, babanku, yana numfashi. A nan aikinsu yake.

Na biyu. Ku tuna yadda muka shiga wannan rejim ɗin, wato dokar cin abincin babanku, don na ga kun fara mantawa tunda ƙafarsa ta warke. Da amininsa Malam Dauda ya rasu, babanku ya yi zaman makoki tun daga jana'iza har sadakar uku. Duk kofin shayin da aka miƙo ya karɓa, shayin garin nan da sukari ke kwanciya a gindinsa. Duk gumbar da aka raba ya ci, duk kwanon da wata baiwar Allah ta aiko ya sa hannu, wai kada a ce ya raina. Yana sane da ciwon sukarinsa. Kunya ce ta hana shi. Ɗan ƙurjin da ke ƙafarsa ya ruɓe, aka yanke babban yatsa, likita kuma ya ce in aka sake, daga gwiwa za a kama. Har yau in na tuna warin ɗakin nan na lopital, wato asibiti, gabana faɗuwa yake.

Kai babba, yau zan kira sunanka tunda takarda ce, Sharfaddeen. Kai ka tono mana abin nan a waya, paleyo, wai cimar mutanen farko kafin a san noma. Nama, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace. Ba gero, ba dawa, ba shinkafa, ba wake, ba gyaɗa, ba madara, ba sukari. Na ce maka to me ya rage, iska? Amma ka kai wa likita, ya duba ya rage abin da zai rage, ya ce a gwada. Ban ce magani ba ne. Allurarsa tana nan, awonsa yana nan, kada wanda ya daina kai shi. Abin da na sani shi ne tun da na canza tukunya ƙafar ba ta sake buɗewa ba.

Na uku. Tukunya ɗaya za a riƙa ɗorawa a gidan nan, kowa ya ci abin da Malam zai ci. Da farko daban nake yi masa, ku kuna cin tuwonku. Ashe in aka fitar da kwanonsa ƙofar gida inda maza ke haɗa abinci a tabarma, sai maƙwabta su ga kifi su yi masa caa, shi kuma bawan Allah ya koma kan esh, tuwon geron nan, na gidan wani, yana murmushi. Shi ya sa kuka ga ina cika tire har ya ishi tabarmar duka. Yanzu sun saba, har tambaya suke in ya yi jinkiri. Kada ku rage tiren nan don tsimi.

Zakiru, autana, na san da burodin da kake ɓoyewa a ƙarƙashin kujerar babur ɗinka. Ban hana ka ba, cikinka ne. Amma ka cinye shi a bakin titi, ka karkaɗe rigarka kafin ka shigo. Babanka yana jin ƙamshin burodi tun daga zaure, kuma kai ba ka iya hana shi komai ba.

Na huɗu, girkin kansa. Sadiyya, ki karanta da kyau. Tuwon da yake ci kabewa ce, a dafa ta tsane ruwa sarai, a tuƙa da ɗan garin busasshiyar ayabar suya wadda ake kawowa ta Kuseri. Kaɗan, don ta kama jiki kawai. In kika cika hannu awonsa zai hau. Miya kuɓewa ko kuka ko yakuwa, da sharmut, busasshen naman da muke shanyawa a igiya. Ban da dunƙulen kanti, ban da man gyaɗa. Kitsen rago za ki narka, albasa da tafarnuwa da daƙaƙƙen kifi su ne ɗanɗanon. Zogale da riɗi ake kwaɗa masa, ba da ƙuli ba. Kifi kuwa ki je kasuwar Dembe da sassafe wajen Bahijja, ta layin masu banda, ki ce na Malam ne, ta san irin wanda nake ɗauka. Shayinsa citta da kanumfari, ba ko ƙwayar sukari. Zai ɓata rai ya ce ruwan zafi aka ba shi. Ki ƙyale shi, zai shanye.

Na biyar. A sasanta da Goggo Hadjara, kuma kafin Litinin nake so. Yayarsa ce, ita ta goye shi. Ta zo ta ga ƙaninta ya zube, ta fashe da kuka ta ce muna kashe shi da yunwar Nasara, ta dama masa kunu da sukari. Kai kuma babba ka ɗauke kofin daga hannunta a gaban mutane, ka faɗi maganar da ba a faɗa wa uwa. Gaskiyarka ce a kan kunu, amma ba ka kyauta ba. Ka je ka durƙusa. Ka ɗauke ta ku je wajen likita tare, ta ji maganar gwiwa da kunnenta. Ina da dalili, ga shi nan tafe.

Na shida, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Idan Allah ya karɓi abinsa, kun san al'ada: ba a hura wuta a gidan makoki, maƙwabta ne ke aiko abinci. Kwanuka za su yi ta shigowa, shinkafa, kisar, masa, kunu, gumba. Kowace mata za ta ce a kai wa Malam, a ce daga gidan wane, ya daure ya sa wani abu a cikinsa. Shi zai kasance a tsakiyar tabarma, zuciya a karye, duk garin yana miƙo masa kofi. Makokin Malam Dauda yatsa ya ci masa, alhali aboki ne. Wannan nawa ne, kuma har arba'in za a yi ta zuwa. In na kwanta na hango shi yana karɓa yana godiya, wallahi sai in tashi zaune.

Saboda haka ku karɓi abincin mutane hannu bibbiyu, ku ciyar da baƙi, ku yi godiya. Amma ranar da aka fita da ni, kafin masu kai ni su dawo, Sadiyya ki share hawaye ki hura murhuna. Na tambayi malami, ya ce ba zunubi a dafa wa mara lafiya. Duk wadda ta ce ba a yi, ki ce wasiyyar uwar gidan ce. Kwanon Malam kuwa a danƙa shi hannun Goggo Hadjara, ita da butar shayinsa. Ku yara ne, ba za ku iya mayar da kwanon dattijuwa ba. Ita za ta iya, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. A waje kuma, babba ka zauna a damansa, Zakiru a hagu, duk kofin da aka miƙo ɗayanku ya riga shi karɓa.

Babanku bai taɓa iya cewa a'a ba. Duk shekarun nan ni nake faɗa a madadinsa, har aka sa mini suna mai rowa, ban damu ba. Yanzu ku za ku faɗa. Kada gumbar sadakata ta zama ajalin ƙafarsa, ina roƙonku don Allah.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini faɗan da nake yi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuka yi mana, ya haɗa kanku a kan tire ɗaya kada ku watse. In na farka daga tiyata, ku dawo mini da takardata in yaga, kada Malam ya gani. In ban farka ba, akwai miyar kuka a firiji da za ta kai ku Laraba. Sadiyya, ki ɗumama a ƙaramar wuta, tana saurin kamawa.