Hannun da Kika Sa a Littafi

Assalamu alaikum, Falmata. Gaisuwa da fatan alheri daga Damagaram zuwa inda kike. Kin daina ɗaga wayata, shi ya sa na rubuto miki a nan inda kowa zai gani, kamar yadda kika yi mini.

Na karanta littafinki. Sau uku. Ya yi kyau, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ni da ke muka fara cin irin waɗannan littattafai tun muna lise, makarantar sakandare, masu aminai biyu, ɗaya na murmushi tana haƙa wa ɗayar rami. Kafin tsakiya nake gano muguwar, ke kina jin haushi. Wannan karon a shafi na tara na gano ta: malamar faransanci, mai kaifin baki, mai tabon ƙuna a hannun hagu. Suna kawai kika canza.

A littafinki ita ta tura aminiyarta cikin wuta don hassada, har wutar ta lashi hannunta.

To, bari in tuna miki, tunda marubuta mantuwa gare su. Ranar Juma'a ce da hantsi, a gidanku na Birni, muna tuyar ƙosai. Zanenki ya kama da wuta. Kina ihu kina zagaya tsakar gida, ni na damƙe wutar da hannuna. Wata biyu ban ɗaura zane da kaina ba. Iya, mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, tana shafa mini magani tana cewa: “Hannun nan ya zama namu.” Ban san kin ɗauka har da izinin sayarwa ba.

Yanzu a lakwal ɗin da nake koyarwa a Mirriya, in na ɗaga alli, ba allo ɗalibai ke kallo ba. A gidan suna wata ta janye jaririnta daga cinyata, wai zai yi mini fitsari. 'Yata Nana ta tambaye ni ko gaskiya ne. 'Yar da na haifa, Falmata.

Za ki ce ƙage ne, adabi ne. Adabin nake koyarwa shekara ashirin, kar ki karanta mini. Mai ƙage yana da hannu dubu da zai zaɓa. Nawa kika zaɓa.

Hassada kuwa, na yi miki ita, ba zan ɓoye ba. Ranar da burs, tallafin karo karatu, ya fito da sunanki babu nawa, na shige bayi na yi kuka har na gode Allah. Sai na wanke fuska na fito na yi miki kitson tafiya. Wannan ce hassadar da littattafan nan ba su sani ba: mai kuka a bayi, ta fito ta yi kitso. Ita ya kamata ki rubuta, amma kin san ba ta ciniki.

Falmata tawa, har gobe in na ga jimla mai daɗi ke nake so in karanta wa. Ba na neman ki janye littafin. Nana kawai nake so ki kira, ki gaya mata da bakinki wa ya kama da wuta, wa ya kashe.

Shekara talatin ina rufe tabon nan da lalle don kar ki gani ki ji nauyi. Na daina.

Allah Ya ƙara wa alƙalaminki albarka, Ya ba shi kunya. Allah Ya kai haske kabarin Iya.

Taki, mai hannun hagu,
Zuwaira