Likkafanin Malam Sani

Laraba da dare, watan Sha'aban

Yau muka kai Malam Sani makwancinsa. Shekara goma sha tara injinsa yana kusa da nawa a masaƙa a Kano. Rana ɗaya aka sallame mu, muka dawo ƙauye muka kama fartanya.

Ni aka tura Ɗanbatta sayen likkafani. Rumfa huɗu na zaga, duk farin yadin da na ɗaga sai in ga tambarin ƙasar waje. Na ce, "Alhaji, babu na gida?" Mai rumfar ya ce, "Malam, wa zai saƙa? Ai masaƙun duk an rufe."

Na saya haka nan, don gawa ba ta jira. Da na faɗa wa matata Hajara, sai ta buɗe akwati ta ɗauko farin yadin da na kawo daga masaƙa kafin a rufe, wanda na ajiye don tawa ranar. Ta ce, "Malam, kai masa wannan."

Ya ishe shi daidai. Muna naɗe shi na gane saƙar sashenmu ce, wataƙila ma hannunsa ne. A nan hawaye ya ƙwace mini. Allah ya jiƙansa.

Wancan na rumfa Hajara ta ninke, ta ajiye mini a akwatin.